Tsere Uku da Durƙuson Gafasa

Ni dai tun da nake ban taɓa sha'awar gudu ba. Ko a firamare, idan aka ce a fito wasanni, ni ne mai gadin takalman mutane a gindin darbejiya. Na girma na samu aiki a sashen noma na ƙaramar hukumarmu ta Gaya, kujera ta karɓe ni hannu bibbiyu, tumbi ya fito ya yi zamansa. Saboda haka duk wanda ya gan ni a kakar bara ina haki a kan titi da lamba a ƙirji, ya kamata ya san ba don daɗi nake yi ba. Yayana ne ya ja mini.

Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya tsaya mini har na gama makaranta, shi ya je Gafasa ya durƙusa gaban surukina ya nemo mini aure. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, yana kuma noma. Mutum ne mai jiki, mai son shayi da madara, wanda bai yarda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba sai dole. Daga ƙofar gidansa ana jin tarin limamin unguwarmu, amma da babur yake zuwa masallaci.

Ciwon suga ne ajalin mahaifinmu. Wani ɗan miki ne ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, ya yi ta ci har aka yanke ƙafar, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ina yaro a lokacin, Yaya ne mai wanke mikin safe da yamma. To ranar da na raka Yaya asibiti, likita ya ce shi ma yana da ciwon, kuma wannan da yake cewa tafin ƙafarsa yana yi masa kamar ya taka auduga ba abin wasa ba ne, sai tsoro ya kama ni. Likita ya ce ya sha magani, ya rage zaƙi, sannan ya riƙa tafiya a ƙasa kullum har sai ya yi gumi. Yaya ya karɓi magani. Zaƙi ya rage, ko in ce ya rage a gabanmu. Tafiya kuwa ya ce ko a mafarki.

"Auta," haka yake kirana har yau da furfurata, "so kake in kama titi ina tafiya ba inda za ni? In ce wa mutane me?"

"Ka ce musu likita ne ya ce."

"Wato in yi shela ba ni da lafiya, kowa ya zo yana yi mini sannu kamar gobe za a kai ni. A'a. Maganar nan daga ni sai kai sai iyalina, kada in ji ta a bakin kowa."

In za a faɗi gaskiya, yana da hujjarsa. A garinmu magidanci ba ya tafiya haka kawai. In aka gan ka a ƙasa, kafin ka wuce shago uku wani ya tsaya da babur ya ce ka hau. In ka ƙi, zuwa la'asar labari ya zaga cewa ka sayar da babur ɗinka, kasuwa ta juya maka baya. Na san da haka sarai. Amma na san kuma yadda ƙafar Baba ta ƙare, don haka hujjar tasa haushi kawai take ba ni. Na yi lallashi, na yi faɗa iya wanda ƙane zai iya yi wa yayansa, matarsa ta yi kuka. Yaya ya saurare mu duka, ya buga babur ɗinsa ya tafi masallaci.

Ana nan sai wasu matasa ma'aikatan lafiya da abokansu suka shirya tsere don jan hankalin jama'a kan motsa jiki. Tsere uku gajeru a ƙarshen mako guda, kowane kilomita biyar: Asabar da safe a cikin Gaya, da yamma a Kademi, Lahadi da safe a Gafasa ta ƙasar Ajingi. Wanda ya gama duka ukun a rataya masa lambar yabo. Na ɗauki labarin da zafinsa na kai wa Yaya a rumfarsa, na ce to ga shi, kai tafiya kake jin kunya, wasu gudu ma za su yi.

"Yara ne," in ji shi, yana auna wa wata mata dawa. "Nuna mini mai gemu ɗaya a cikinsu."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ni zan yi."

Yaya ya dubi tumbina, ya yi dariya har sai da ya dafa buhu. Da ya gama ya share hawaye ya ce, "In ka gama ukun nan da ƙafarka, a gaban jama'a, ni kuma zan fara tafiyar taku."

"Alkawari?"

"Alkawari."

Duk taurin kan Yaya, ban taɓa ganin ya saɓa alkawari ba. Abin da na riƙe ke nan. Na sayi kambas na gwanjo da dogon wandon motsa jiki, don gajeren wando kam ko za a yanka ni ba zan sa ba. Na riƙa zuwa gonarmu bayan sallar asuba ina gwada gudu a tsakanin kunyoyin dawa, inda ba mai ganina sai tsuntsaye. A can komai ya tafi daidai. Ban yi tunanin cewa a gona babu wanda zan gaisar ba.

Ranar Asabar da safe muka taru a bakin titi. Matasa sun cika wurin, sai tsalle suke suna miƙe jijiyoyi suna ɗaukar hoto da waya. Aka manna mini lamba a ƙirji. Yaya yana gefe a kan babur, ya karkata hula, wai zai bi ni a baya ya zama shaida, kada in faki ido in hau a-daidaita-sahu a kwana. Aka busa usur.

Yaran suka wuce fuu, ba wanda ya ko ɗaga kai, don an saba ganinsu suna gudun ƙwallo. Ni da aka bari a baya ni kaɗai, ni na zama abin kallo. A wurinmu in ka ga magidanci yana gudu, to ko gobara ce, ko ɓarawo, ko an bugo masa waya da mummunan labari. Mai shayi ne ya fara: "Lafiya, Malam?" Na ɗaga masa hannu. Mai faci ya jefar da tayar da ke hannunsa ya biyo ni yana cewa, "Ina ne? Wane gida ne?" Kafin in kai kwanar kasuwa mutum uku ne a bayana, ɗaya har da bokiti. Dole na tsaya, numfashi na fita da ƙyar, na yi musu bayani cewa ba komai, motsa jiki ne. Mai bokiti ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Allah ya sawwaƙe," irin wadda ake yi wa wanda kansa ya taɓu. Na waiwaya na ga Yaya ya kifa kai a kan babur, kafaɗunsa suna rawa.

Sai kuma gaisuwa. Duk dattijon da ke zaune a dakali a hanyar nan ya san ubana, kuma irinsu ba a wuce su da ɗaga hannu. Ka rage gudu, ka rusuna, ina kwana Baba, an tashi lafiya, ya iyali, ya aiki, ya kaka. Shi kuma ba sauri yake ba, sai ya tambayi yaranka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ka ina za ka da sassafe haka a guje. Na gaisa har makogwarona ya bushe, ba don gudun ba, don maganar.

Ina ganin na kusa fita daga unguwannin da aka san ni, sai ga tabarmi a shimfiɗe a bakin hanya. An yi rasuwa a gidan wani abokin aikina, ana zaman makoki. Ta ina zan wuce nan da gudu? Na cire kambas, na zauna a cikin mutane masu manyan riguna, ni da lamba a ƙirji gumi yana ɗiga daga gemuna, na yi ta'aziyya. Malamin da ya ja addu'ar kuwa ba ya cikin masu taƙaitawa. Yaya ma ya sauka ya zauna kusa da ni. Muna shafawa ya raɗa mini, "Auta, na ga kamar an fara kwashe kujeru a can."

Haka kuwa aka yi. Na isa wurin ƙare tseren ana loda kujeru a mota. Wata yarinya ma'aikaciyar jinya, wadda ke kula da masu isowa, ta miƙo mini ruwan leda ta ce, "Sannu Baba, ka yi ƙoƙari." Duk wahalar safiyar nan ba abin da ya ƙona mini rai kamar wannan "Baba". Amma dai na gama na farko.

Bayan la'asar muka ɗunguma Kademi. Ƙafafuna sun fara ƙorafi, amma raina a sake yake, don na ƙudurta cewa a can ba a san ni sosai ba, zan yi guduna cikin rufin asiri. Hanyar ma ta fi daɗi, jar ƙasa ce tsakanin gonaki, an yanke gero, ga gyaɗa a shanye a gefe sai mutum ya riƙa kaucewa. Na fara samun numfashi, har na wuce wasu samari biyu da suka tsaya riƙe da ciki. Na manta shaf cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a garin take aure. Yaya bai manta ba. Ashe ya bugo mata waya tun da rana ya ce muna tafe.

Tana zaune a bakin zaure a kan kujerarta 'yar tsugunne, ga ƙwarya a rufe da faifai.

"Kai! Tsaya nan. Ka shigo garina ka wuce ƙofata a guje kamar wanda ya yi sata?"

"Gwaggo, ina yini. Tsere nake yi, in na gama zan dawo."

"Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa."

"To zauna."

Na zauna. Ta buɗe ƙwarya, fura ce ta dama da nono mai kauri, ta zuba suga ba tausayi, don ta san yadda 'ya'yan yayanta suke sonta. Ta dube ni ta ce na rame, matata ba ta ba ni abinci ne? Ni da tumbina ya riga ni shiga zauren. Yaya ya iso ya gaishe ta, ta miƙa masa ludayi. Sai na ga ya ja baya ya ce cikinsa ne ba daɗi yau. Gwaggo ta yi masa wani kallo, don tun da aka haife shi bai taɓa mayar da fura ba. Na zuba masa ido ina jira ya faɗa mata gaskiya, ita da ta yi jinyar Baba tare da shi. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"To ba za a bar mini ita ba," in ji Gwaggo. "Auta, shanye har da rabon yayanka."

Na shanye. Ina sha ina hararar Yaya ta saman ƙwarya. Ni ne mai gudu don lafiyarsa, ni ne kuma mai shan furarsa don a rufa masa asiri. Wallahi a lokacin da ba yayana ba ne da na faɗa masa magana.

Wanda bai taɓa gudu da fura cike da ciki ba, kada ya gwada. Kowane taku sai in ji ta yi sama ta dawo. Ina cikin wannan hali sai wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya jera da ni.

"Alhaji, hau in ƙarasa da kai."

"Na gode, je ka."

"Ba sai ka biya ba, Alhaji. Don Allah ka hau."

"Na ce na gode!"

"Haba Alhaji, ka rufa wa kanka asiri mana. Ko ni ka tausaya mini, ba zan iya wuce sa'an babana a haka ba."

Haka ya bi ni yana roƙo, ni ina kora, Yaya yana bayanmu yana zuga shi da cewa ya ƙara lallashi. Na isa gab da magariba, ina ja da ƙafa. Yarinyar nan ta sake miƙo mini ruwa, na ce ta riƙe abinta, babu wurin da zan zuba shi.

Da na koma gida maiɗakina ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafafu, ta shafa man zafi. Tana cikin shafawa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka dai san hanyar gobe ta ƙofar gidanmu za ta bi ko?"

Ban sani ba. Na ji kamar in janye ƙafata in fasa komai.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa tsayawa a tsaye gaban surukina ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba. Tun daga nesa nake cire takalmi, in ƙaraso in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon gefe, in tashi in ja da baya. Haka muke, kuma haka muke jin daɗin juna. Yanzu kuma zan bi ta ƙofarsa da wandon 'yan ƙwallo. Na kwana ina fatan gobe ya yi sammakon gona.

Da safe na tashi cinyoyina kamar an ɗaure su da igiya. A Gafasa matasan ma sun ragu, wasu tsere biyu sun ishe su. Aka busa usur na fara abin da ni dai na kira gudu, ko da yake wata akuya da ke kiwo a gefen hanya ta ɗan jera da ni ba tare da ta wahala ba. Na ci fiye da rabin hanya a haka. Ina shan kwana na hango bishiyar ƙofar gidan, na hango buzu a shimfiɗe, na hango farin rawani. Bai je gona ba. Yana zaune da rediyonsa, maƙwabtansa biyu suna gefe.

Na tsaya daga nesa na cire kambas, na riƙe su a hannu, na ƙarasa na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya? Ya mutanen gidan?"

Muka gaisa yadda muka saba, bai ko kalli lambar da ke ƙirjina ba, mutumin kirki. Da gaisuwa ta ƙare na yunƙura zan tashi. Ko motsi. Cinyoyin sun ƙage, kwaurina ya ɗaure tamau. Na dafa ƙasa da dabara na sake yunƙurawa, wani zafi ya harbo tun daga dunduniya har ƙugu, na koma na durƙushe. Kuma da wane baki zan ce wa surukina na kasa tashi? Na sunkuyar da kai ina jira jijiyar ta saki.

To a wurinmu, idan suruki ya gama gaisuwa bai tashi ba, ya ci gaba da durƙuso kansa a ƙasa, kowa ya san da magana ya zo. Maƙwabtan nan biyu suka dubi juna, suka tashi suka koma can gindin wata bishiya. Tsoho ya kashe rediyo.

"To, Malam. Ina jin ka."

 Gumi yana zuba, zafi ya sa idona ya kawo ruwa. Daidai nan Yaya ya iso, ya kafe babur, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa kusa da ni ya kwashi gaisuwa, shi bai san abin da ake ciki ba. Ka duba abin da tsohon nan ya gani: ga mijin 'yarsa ya zo a guje da sassafe, ya durƙusa ya ƙi tashi, ido jawur da hawaye, ga kuma yayansa, wanda ya zo neman auren da kansa, ya biyo shi. Na ga tsohon ya ajiye carbinsa.

"Me ta yi?" in ji shi a hankali.

Yaya ya juyo ya dube ni, ni na dubi ƙasa.

"Ko me ta yi, ni na haife ta, ni zan ba ku haƙuri. Duk shekarun nan ban taɓa jin kanku ba. Ku dubi girman Allah, ku dubi yaran nan."

Nan kam na ji zuciyata ta karye. Matar da ta gasa mini ƙafa jiya ce ake ba da haƙuri a kanta, kuma dattijon da nake jin nauyinsa fiye da kowa ne yake roƙona. Na ce, "Baba, wallahi ba ta yi komai ba. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri."

"To mene ne?"

Na juya na yi wa Yaya kallon da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife ni. Ya dubi yadda na dafe ƙasa, ya dubi ƙafafuna da ke karkarwa, sai ya gane.

"Baba," in ji shi, "ƙafarsa ce ta ƙage. Tashi ne ya gagara."

Tsoho ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya yi hamdala. Sannan a karon farko ya dubi lambar da ke ƙirjina. "To me ya kai shi gudu, shi da girmansa?"

 Ni dai na riga na yi wa Yaya alkawarin ba za a ji a bakina ba. Sai na ji Yaya ya yi gyaran murya.

"Ni na kai shi, Baba. Ciwon da ya ɗauki mahaifinmu ne ya kama ni. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa, na ce kunya nake ji. Shi ne yaron nan ya ce bari ya fara jin kunyar a madadina."

Wannan ne karon farko da na ji Yaya ya faɗi ciwon nan da bakinsa a gaban wani. Surukina ya san mahaifinmu, ya je duba shi bayan an yanke ƙafar. Ya sauke idonsa kan ƙafafun Yaya da ke kan ƙasa ba takalmi, ya daɗe yana kallonsu. Bai yi masa sannun da yake gudu ba. Ya ce kawai, "Allah ya ba da lafiya. Ku ɗaga shi."

Yaya ya kama ni ta hammata ɗaya, ɗaya daga maƙwabtan ya dawo ya kama ɗayar, suka ciccibe ni. Na saki wata ƙara a gaban surukina wadda har yau in na tuna sai in rufe fuska. Tsoho ya kunna rediyonsa ya ƙara murya, don ya nuna bai ji ba.

Da muka ɗan matsa Yaya ya ce, "Hau babur, Auta. Na yafe. Ka ci."

"Ba zan hau ba."

"Na ce ka ci."

"Cewa ka yi in gama da ƙafata. Na san ka, Yaya. In na hau babur ɗin nan, jibi za ka ce ai ban gama ba. Na sha fura, na sha addu'a, an bi ni da bokiti, na yi ihu gaban surukina. Wallahi ko da rarrafe sai na kai."

Ya tsaya yana kallona. Sai ya sunkuya, shi da girmansa, ya ɗaura mini igiyar kambas, ya sa nasa takalmin, ya ɗora hannuna a kafaɗarsa. Babur ɗinsa kuwa a nan ƙofar gidan ya bar shi.

Haka muka kama hanya, ni ina ɗingishi, shi yana ɗauke da rabin nauyina. Ba mu yi nisa ba ya fara haki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mutane suna fitowa suna kallon manyan mutane biyu a ƙasa. Ban ce masa komai ba, tsoro nake kada ya tuna cewa tafiya yake yi. Sai ga ɗan acaɓa, don ba a rasa su, ya tsaya a gabanmu.

"Alhaji, babur ya lalace ne? Ku hau in kai ku."

Na ji kafaɗar Yaya ta ɗan motsa a ƙarƙashin hannuna. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce in hau. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Je ka abinka, ɗana. Tafiya muke."

Mun tarar an kwashe komai, saura yarinyar nan da abokan aikinta kaɗan da suka ƙi tafiya sai sun ga abin da ya samu Baba, wato ni. Suka tafa, ta rataya mini lambar yabo. Ban ma kalli lambar ba. Ƙurar da ta hau takalmin Yaya har idon sawu nake kallo.

Da muka koma gida maiɗakina ta ce mahaifinta ya bugo waya. Wai a faɗa wa Malam, in zai sake gudu ya wuce abinsa, an yafe masa gaisuwar.

Ranar Litinin a zaune na yi sallar asuba, don ruku'u ya gagara. Ina shirin komawa kwanciya aka yi sallama. Na fita ina bin bango, sai ga Yaya a tsaye, ba babur.

"Tashi mu je gaida Kawu."

"Wane Kawun? Na bayan kasuwa? Yaya, ƙarshen gari ne fa."

"Shi ya sa. In an tambaye mu, gaisuwa za mu. Gobe kuma akwai wani."

"Ƙafata ba ta takuwa!"

"Likita cewa ya yi kullum. Miƙo mini kambas ɗin nan, an ce rufaffen takalmi ya fi mini."

Ya karɓe mini kambas, ni na bi shi da silifa ina ɗingishi ina mita tun daga ƙofar gida har bayan kasuwa. Bai tanka mini ba ko sau ɗaya.

Har yau muna wannan tafiya. Dangin da muka shekara ba mu leƙa ba duk sun gaji da ganinmu, akwai wanda in ya ji sallamarmu da sassafe sai ya ce a ce yana barci. Ni ban sake shiga tsere ba, kuma duk wanda ya sake kawo mini takardarsa za mu ɓata. Yaya bai dawo mini da kambas ɗina ba, ya kashe su ya sayi wasu bai ce mini ko na gode ba. Kullum in muka isa ƙofar wani zaure ya sunkuya ya cire takalmi, sai in yi kamar ina gyara hula, in saci kallon yatsun ƙafarsa. Suna nan cif.